Katifun Aro

Mutanen garinmu ne suka hana mu ungozoma da hannunsu. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a injin niƙa, yanzu da na iya riƙe alƙalami ga shi na rubuta.

Asibitinmu ɗaki biyu ne a hanyar Galadi. Rufi na yoyo, gadaje ƙarfe tsirara, ma'aikaciya ta daina zuwa tuni. In haihuwa ta zo da gardama, sai a ɗora mace a babur a ratsa daji zuwa Shinkafi, ana addu'ar kada a gamu da 'yan bindiga. A lokacin 'yata ta fari na da tsohon ciki.

Sai aka ce shugaban ƙaramar hukuma zai zo ya duba asibitin. Gari ya tashi. Maza suka shafa farar ƙasa, mata suka kawo katifu da labulaye. Wata mai karatun jinya a Kaura, da ta zo hutu, aka sa mata fararen kaya.

Yayar mijina ta shigo ta naɗe katifata. Na ce, "Yaya, ku bar shi ya ga ƙarfen nan yadda yake. Mu munka zaɓe shi, mi za mu ɓoye mai?"

Ta ce, "Ke tun da kinka shiga ajin yaƙi da jahilci bakinki ba linzami. Baƙo ya iske mu kamar marasa gata? A yi da mu har Zurmi?"

Ya zo, aka yi guɗa. Ya taɓa katifa, ya gaisa da mai fararen kaya, ya tambaya ko akwai koke. Na yunƙura, Yaya ta ja hijabina, maroƙi ya ɗaga murya ya danne tawa. Shugaba ya ce, "Ku kam alhamdulillahi. Ungozoma ɗaya gare mu, za mu kai ta ƙauyen gaba, su ba su da kowa." Aka tafa masa.

Abin da ke cin raina, ba mugu ko ɗaya cikinsu. Rufin asiri muka iya. Ba mu koyi cewa wanda ka zaɓa ba suruki ba ne da za ka ji kunyarsa. Ina ma an bar shi ya ga yoyon nan.

Washegari na tsaya a asibitin har kowace ta ɗauke katifarta, na leƙa 'yata, ƙafafunta sun kumbura. Na tsayar da mai babur, na ce ya kai ni ƙofar ofishin shugaba, in ce masa ya dawo yau ya sake dubawa.