Inna Ta Ce A Kai Baƙuwa Ta Ga Gari

Ni ɗiyar fari ce, kuma a zamaninmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana so a miƙa mini tuwo sai ta ce, "A ba waccan." In na shiga ɗaki ta fito tsakar gida, in na biyo ta tsakar gida ta tuna ta bar wuta a madafa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Tun da aka yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, cikin gida ɗaya da Inna a Gusau. Abin bai taɓa damuna ba sai shekarar da na yi cikin fari.

Lokacin ina aure a Rawayya. Maigidana manomi ne, uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, gidan daga shi sai tsohonsa sai ƙannensa maza. Babu babbar mace ko ɗaya da zan zauna kusa da ita. Daminar da ta wuce kuma wata amarya a maƙwabtanmu ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta, a kan idona aka fito da ita. Tun ranar da na gane halin da nake ciki, ita nake gani ko daka nake yi. Tsoro nake ji, tsoro mai yawa, ban kuwa faɗa wa kowa ina da ciki ba, har shi maigidan, balle tsoron. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kuma abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya zaga unguwa tare da daddawar da take sayarwa. Abu ɗaya nake so: in zauna da matar da ta haife ni, mu biyu kawai, in ce mata ina jin tsoro, in ji abin da za ta ce.

Sai dama ta samu. Bazara ce, an gama sharar gona, kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran ruwa. Maigida ya ce zai kai fartanyu da garma wurin maƙeran Gusau, don tun da aka fara aikin hanyar jirgi suke samun ƙarfe mai kyau, daga nan ya tsaya ya yi sallar Juma'a. Na ce zan bi shi in gaida gida. Muka fito bayan asuba ranar Alhamis, ina kan jaki yana gaba.

Rana ta yi sama muka isa, zafi ya fara cin tafin ƙafa. Maigida ya tsaya a zaure wurin Baba. Na shiga na tarar da Inna ƙarƙashin rumfa tana kaɗi, Gwaggo na gefenta tana shanya daddawa. Na durƙusa na gaishe su. Gwaggo ta rungume ni tana guɗa, tana cewa ƙauye ya karɓe ni, na yi haske. Inna ta amsa gaisuwata idonta a kan mazari. Ko ruwan da na sha bai gama sauka ba na ji ta ce wa Gwaggo, "Yaya, baƙuwarku ta daɗe ba ta ga gari ba. In rana ta yi sanyi a kai ta ta gani."

Ita kuwa Gwaggo abin da take jira ke nan. Ban taɓa ganin mace mai son yawo irinta ba. Na ce mata matar aure ce ni fa yanzu. Ta jefo mini babban mayafinta ta ce, "Matar ƙauye, wa ya san ki? Rufe kanki mu tahi."

Gaskiya garin ya sake a ɗan lokacin da na bar shi. Alhamis ce, an tashi makarantun allo, yara sun cika kowane lungu, manya ma da ba su da aikin gona sun fito shan iska. Muka fara da marina. Da can ina son tsayawa in ga ana tsamo zane kore shar, iska na bugunsa yana komawa baƙi. Ran nan warin baba na dukan hancina na toshe shi da mayafi, na ja Gwaggo muka wuce. Muka bi ta gefen kasuwa, ta nuna mini kantin da Bature ke sayen auduga da kaka, yana sayar da yadin akoko da gishiri. A gabansa akwai mota a tsaye, mutane sun kewaye ta ba mai taɓawa, direban na barci a ƙarƙashinta. Gwaggo ta rantse ta ga motar tana tafiya da baya. Ban yarda ba a lokacin.

Daga nan sai wurin aikin hanyar jirgi, inda rabin garin ke zuwa kallo. An tara ƙasa ta yi tudu dogo, miƙaƙƙe, har iyakar ganin ido. Leburori na ɗauke da kwanduna suna hawa suna sauka da waƙa, wasu da harshen da ban taɓa ji ba. Masu fura da masu hoce sun kafa kasuwarsu a gindin wata tsamiya. Wani tsoho a kusa da mu yana ta yi wa mutane bayanin yadda jirgin zai kasance, shi ma bai taɓa ganinsa ba.

Inda na ji daɗi da gaske shi ne gulbi. Ruwa ya janye sai rairayi da 'yan tafkuna nan da can. Mata sun tona ramuka suna ɗiba da ƙoƙo, 'yan lambu na ban ruwan albasa, yara na tsalle cikin abin da ya rage. Na zauna na tura ƙafafuna cikin jiƙaƙƙen rairayi, Gwaggo ta sayo rake muka sha. Na ɗan manta da kaina a wurin. Amma ina ganin rana ta yi ja na tuna yini guda ya tafi, ban yi wa Inna magana ba sai gaisuwa.

Muka dawo gab da magariba muka tarar gida cike da matan unguwa, sun ji na zo. Inna ta yi tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa. Gwaggo na kai loma ta yamutsa fuska ta ce, "Wanga tsami hwa? Ko ba a samu toka ba a gidan nan?" Inna ta ce hannu ne ya zarce. Ni kuwa na cinye nawa tas, na jawo kwanon Gwaggo na ƙara. Kafin matan su watse Inna ta shige ɗakinta ta saki asabari.

Juma'a na tashi da niyya. Gari na wayewa na iske ta ita kaɗai a bakin turmi tana surfen gero. Na ɗauki ɗaya taɓaryar na tsaya gabanta, muka shiga lugude. Hannunmu ya zo ɗaya, ko sau ɗaya taɓare ba su yi karo ba. Na tattara ƙarfin halina na ce, "Inna." Ta tsaya. Na ga ta kalli ƙofar ɗakin Gwaggo, ta kalli zaure inda Baba ke tari. Sai ta ɗaga murya ta kira ƙanwata da sunanta, har da na wasa da take yi mata, ta ce ta zo ta karɓi taɓarya hannun baƙuwa. Ta ƙara da cewa ba kyau mutum ya zo gari dangi su ji labarinsa a bakin wasu.

Haka aka sake sa ni gaba. Gidan kawu, gidan ƙanwar kaka, gidan aminan Baba, gidan wata tsohuwa da aka ce ita ta yanke mini cibiya. Kowane gida sai an dama fura, kuma ba a ƙi. Kowane gida sai an tambayi lafiyar mutanen Rawayya ɗaya bayan ɗaya, an tambaya ko an ga alamar hadari a wajenmu. Wata ta riƙe hannuna tana ƙare mini kallo tana murmushi, na sunkuyar da kai har ta gaji. Gumi ya jiƙa mayafin Gwaggo, ƙafafuna suka yi nauyi.

Da aka sauko daga masallaci na ce mu koma gida. Ina! Gwaggo ta ce ai yanzu gari ya fara daɗi, wanda bai ga yammacin Juma'a ba bai zo Gusau ba. A wani fili bayan kasuwa 'yan kama sun yi rawani da tsumma suna wa'azi a kan tuwo da miya. Can gefe wani gardi ya riƙe kura da sarƙa, can kuma samari na kokawa ana kaɗa musu ganga. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Ni ko murmushi ya gagare ni. Haushi nake ji, na Gwaggo, na garin, na kunyar da aka ɗora mana tun kafin in san kaina. Ƙanwata tana kwanciya a cinyar Inna a yi mata kitso, ni da na riga ta zuwa duniya sai dai a kai ni kallon kura.

Na ce, "Gwaggo, ni ba kallo ya kawo ni ba."

Ta ce, "To mi ya kawo ki?"

Na kau da kai wajen masu kokawa. Ta ce in yunwa ce in faɗa, ga mai ƙosai can.

Washegari da sassafe maigida ya matsu mu kama hanya, don an kwana ana walƙiya a gabas, yana tsoron ruwa ya sauka bai shirya iri ba. Aka cika mangala da ƙarafan da maƙera suka gyara, aka ɗora tsarabar dangi a sama, daddawa da gishiri da kanwa. Jaki ya yi kaya, ni sai tafiyar ƙasa. Na yi sallama da Baba. Na durƙusa na yi wa Inna, zuciyata a dagule, na riga na haƙura. Sai na ga ta jawo mayafi. Ta ce wa Gwaggo akwai wata a bayan gari da ta yi mata alkawarin auduga, bari ta bi sawun baƙi ta karɓo. Gwaggo ta ce ta zo su tafi tare. Inna ta ce a'a, wa zai kula da daddawar da ke kan wuta.

Maigidana na ganin surukarsa ta fito ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta fuska a ƙasa, ya zunguri jaki, ya yi gaba da sauri. Kafin mu bar gidajen ƙarshe ya yi mana nisa sosai, ba ya ko waiwaye. Ni ina tafe, Inna na bayana. Muka wuce gonakin da aka share, muka gangara cikin wata busasshiyar ƙorama. Babu kowa a wurin sai kurciyoyi.

"Tsaya," in ji ta.

Na tsaya. Ta zagayo gabana ta kama bakin zanena. Rabon da hannunta ya taɓa jikina ban sani ba.

"Kin ɗaure shi da ƙarhi. Ba a yi mishi haka." Ta kwance, ta ɗaga shi sama kaɗan, ta sake ɗaurawa sako-sako. Idonta na kan ɗaurin tana magana. "Kada ki ƙara ɗaukar tulu cike. Daka ki yi kaɗan-kaɗan, amma kada ki zauna haka nan, zama ba ya da kyau. In gero ya hidda kai a maido ki gida, a ɗakina za ki zauna."

Duk maganar da na kwana da ita tun daga Rawayya ta tsere mini. Abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, tsoro nike ji."

Hannunta na nan a kan cikina.

"Ni ma na ji," ta ce. "Lokacin naki. Na ɗauka ba ni tashi. Ba wanda na gaya ma." Sai ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. "To ga ki, ga ni. Kuma ina nan kusa da ke ran da za a yi."

Lokacin naki. Tun da nake ban taɓa jin ta faɗa da bakinta cewa ita ta haife ni ba. Na yi kuka, ta bar ni na yi, ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma tafi ba. Da na lafa ta goge mini fuska da gefen mayafinta, ta ce in yi sauri kada bawan Allah ya gaji da jira. Ta juya ta hau gangaren ta nufi gari.

Na iske maigida a gindin wani gawo yana gyara igiyar mangala da ba abin da ya same ta. Bai dube ni ba ya tambaya ko Inna ta ba da wani saƙo.

Na ce, "Ta ce in gero ya hidda kai ka maido ni gida."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ɗago ya kalle ni, ya yi saurin kau da kai. Ya sauke ƙarafan nan duka daga kan jaki, ya ɗaure su wuri ɗaya, ya naɗa gammo ya ɗora a kansa. Sannan ya riƙe jakin ya ce in hau a hankali.