Koriyar Hular da Na Sa wa Abokina a Ƙasar Sin

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni injiniya ne a wata hukumar gwamnatin tarayya a Abuja, ina zaune a Lugbe da iyalina, shekaruna sun ɗan haura arba'in. Mutum ne ni mai ganin ya san duniya. Na yi karatu a Ingila, na je Dubai, na sauke farali, saboda haka in ana hirar tafiya ƙasar waje nakan gyara zama in fara ba da shawara ko ba a tambaye ni ba. Na rubuto ne don in faɗi yadda na tozarta wani bawan Allah a gaban matarsa da iyayensa, alhali a zatona karrama shi nake yi.

Mutumin injiniya ne ɗan ƙasar Sin. Kamfaninsu ya yi aikin wata gada a wajen gari, ni kuma aka ɗora mini duba aikin, muka yi shekara uku muna shan rana tare. Ba mai yawan magana ba ne, Turancinsa kaɗan ne, Hausarsa ba ta wuce sannu da aiki ba. Amma duk Juma'a shi ke tsayar da aiki don leburori su tafi masallaci, in kuwa mun biyo ta Zuba sai ya sa a tsaya ya sayi kwandon mangwaro ya raba musu. A shekaru ukun nan sau ɗaya tak ya je gida. Bayan an gama aikin ya koma gida da 'yan watanni sai aka sa sunana cikin masu zuwa kwas na mako biyu a ƙasarsu. Da na sanar da shi, ya ce lallai in zo garinsu in ci abinci da danginsa.

Na daɗe ina tunanin tsarabar da zan kai masa, daga ƙarshe na tsaya a kan hula. A wurinmu in babban baƙo ya zo, ai hula ake sa masa a ɗauki hoto. Na ba da ɗinkin hannu, na ce a yi ta kore shar da ɗan ratsin fari, launin tutarmu. Wata abokiyar aikina 'yar Filato, wadda ta riga ni yin wannan kwas, ta leƙo ofis ta ce mini oga, kafin in ba kowa kyauta a can in fara nuna wa tafinta, domin akwai abubuwan da ba a bayarwa. Na yi dariya na ce mata kyauta kyauta ce a ko'ina, ba yau na fara shiga jirgi ba.

Da muka isa ƙasar, ranar wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa garinsu. Ya tarye ni da kansa, ya kai ni wani gidan abinci na Musulmi da ya sha wahalar nemowa saboda ni. Muka zauna cin abincin rana a kewaye da wani babban teburi: shi da matarsa, mahaifinsa da mahaifiyarsa, yayan matar, abokan aikinsa biyu da na sani tun Abuja, sai wata ma'aikaciyar kamfaninsu mai jin Turanci da ke mana tafinta. Da aka gama ci, na miƙe don yin jawabi, kamar yadda muka saba. Na yabi aikinsa. Na ce namijin da ya bar matarsa shekara uku ya cancanci a naɗa shi, ita ma a gode mata, domin Allah kaɗai ya san yadda ta yi zaman nan ita kaɗai. Tafinta ta fassara, aka tafa. Sai na zaro hular daga jaka.

 Tafintar ta ce mini a hankali ko zan bari sai an tashi in ba shi. Na ɗauka kunya ce irin ta mata. Shi ma ya ɗaga hannu biyu yana ƙi, ni kuwa na taɓa jin cewa mutanensu sukan ƙi kyauta sau biyu ko uku kafin su karɓa, don haka na matsa. Na zagaya bayansa na ɗora masa ita, har da karkata ta gefe yadda ta dace. Ɗaya daga cikin abokan aikinsa ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Mahaifiyarsa ta sunkuyar da kai. Matar ta tashi ta fita, yayanta ya bi ta. Shi kuwa murmushi kawai yake yi. Na sa aka ɗauke mu hoto, kuma kafin in zauna na tura shi zauren hira na ma'aikatan gadar, inda akwai 'yan ƙasarsu da yawa.

Sai a tashar jirgi tafintar ta yi mini bayani, ba ta ko kallon fuskata. Ta ce a al'adarsu ba namijin da ke sa koriyar hula, domin alama ce ta wanda matarsa ke cin amanarsa, kowa ya sani ban da shi. Ta ƙara da cewa tun yana Najeriya maƙwabta ke yi da matar, maganar da ita tafintar ba ta ga tushenta ba, amma ta ɓata tsakanin gidajen biyu, kuma wannan cin abincin shi ne karo na farko da suka sake zama tare. Na ciro waya in janye hoton, na tarar lokacin janyewa ya wuce. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Na rubuta masa doguwar ban haƙuri. Amsarsa gajera ce. Ya ce ya san ban sani ba, kuma bai cire hular ba ne don ba a kunyata baƙo a gaban manya. Bayan na dawo Abuja na ci gaba da gaishe shi, yana amsawa da kalma ɗaya ko biyu, har ya daina. Daga baya wani da muka yi aiki tare ya gaya mini hoton ya zaga kamfanin, ya zama abin tsokana, har abokin nawa ya nemi a mayar da shi aiki wata ƙasa, matar kuma tana gidan iyayenta. Ban san kason da ke kaina a rabuwarsu ba, ba kuma wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne sun zo teburin nan ne don su shirya.

Ga masu shirin zuwa ƙasar Sin, 'yan kasuwa ne ko ma'aikata, baƙo ko da ido makaho ne. Kowa yana tambayar biza da masauki da inda zai samu abincin halal, amma ba kasafai ake tambayar abin da ke zubar da mutuncin mutum a can ba. Duk abin da za ka miƙa wa wani, nuna wa ɗan gari tukuna. In tafinta ya ce ka dakata, ka dakata, ba sai ya faɗi dalili ba. Kada kuma ka ɗauki murmushinsu a matsayin yarda, domin wani murmushin rufa maka asiri ake yi da shi. Kyakkyawar niyya ba ta hana ɓarna, kuma sau da yawa ba mai niyyar ne ke ɗaukar nauyinta ba. Ni na dawo gida lafiya, ba abin da ya same ni. Shi ne ya zauna da abin kunya a kansa don kada ni in ji kunya, ni kuwa ina tsaye a bayansa ina ce wa mai ɗaukar hoto ya ƙara ɗaya.