Kogon da Ustaz Muflih Bai Taɓa Gani Ba

Muflih ɗan goggona ne, taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. A kogo ɗaya aka yanke mana cibiya a Batra, tsohon garin duwatsu na ƙasar Jodan, shi da sanyi, ni da zafin da ya biyo baya. Ina da shaidu, awaki goma sha ɗaya, sai dai duk an cinye su.

Muna yara ba wanda ke kiransa Muflih. Ƙadangare ake ce masa, don yana hawa dutsen da akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara. Na taɓa ganin shaho ya ɗago kai yana kallonsa daga ƙasa. Yana da shekara takwas gwamnati ta kwashe mu daga koguna ta zuba mu a Umm Saihun, cikin gidajen bulo masu ƙofar ƙarfe. Goggo Wadha, uwarsa, ta shiga nata ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce gidan ya yi kyau ƙwarai, ta sa awakinta a ciki, ita ta shimfiɗa a waje. Har yau ba ta ce masa gidana, gidan gwamnati take cewa.

Aka buɗe mana makaranta. Ni da ita muka rabu a aji shida, ba faɗa ba gaba, na kama jaki. Shi kuwa Muflih ya riƙe littafi yadda yake riƙe dutse. Ya tafi Amman, ya samu kujera a wani ofishin inshora, ya yi tumbi, harshensa ya yi laushi har idan ya ce a ba shi ruwa sai ka ɗauka haƙuri yake bayarwa. Ya auri Rula, 'yar Abu Basil, wani tsohon sufeton makarantu da littattafai suka cinye masa rabin gida. Ranar neman auren tsohon ya tambaye shi inda aka haife shi. Muflih bai ko ƙifta ido ba ya ce a asibitin Ma'an, a can suka zauna, daga baya ne suka koma Umm Saihun. Mahaifinsa kuma, Allah ya ji ƙansa, harkar sufuri yake yi. Jaki biyu ne harkar sufurin. Mu da muka je biki aka ɗinka mana sababbin riguna, aka ce kada mu yi hirar komai sai ta ruwan sama.

Shekara goma sha shida yana goyon wannan asibiti a bayansa. Idan zai zo gida shi kaɗai yake zuwa. Idan 'yarsa Lujain ta yi kewar kakarta, sai a ɗauki Goggo a mota a kai ta Amman, ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita.

Sai bara Abu Basil ya gama wani ƙaton littafi a kan Nabatawa, mutanen da suka sassaƙa duwatsunmu, ya ce ba zai mutu bai ga Batra da iyalinsa ba, kuma lallai a tafi da Hajja Ummu Muflih, wato Goggo, ita ma ta ga tarihi.

Muflih ya riga su isowa da kwana ɗaya, da la'asar, gumi har cikin takalmi. Ya durƙusa gaban Goggo tana murza busasshen cuku.

"Yumma, abu ɗaya nake roƙo. Gobe kada ki ce komai a kan kogo."

"Wane kogon?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Au, asibitin?" in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Ita Lujain ba za ta ga inda na haife ka ba ke nan?"

"Wata rana, Yumma."

"Wata ranar nawa ta rage mini? Shekara goma sha shida ina shan shayin surukinka, bai taɓa shan nawa a ƙarƙashin rufina ba. Da wane ido zan dubi ubanka?"

"Yumma, mutuncina ne. In mutumin nan ya ji na yi masa ƙarya, na gama ɗaga kai a gidansa."

Ta ajiye cukun. Sannan ta ce ta rantse, daga shigarmu har fitowarmu bakinta ba zai buɗe ba. Ya sumbaci goshinta, ya juyo kaina.

"Kai kuma, Suwailim, ka zaga ka gaya wa mutane. Kada wanda ya ce mini Ƙadangare. Kada wanda ya nuna ya san ni."

"An gama, ɗan goggo. Kai dai ka kwanta da daɗi."

Ni mutum ne mai riƙon amana. Ban bar mai raƙumi ko mai shayi ko mai sayar da tsakiya ba, duk na gaya musu, wasu sau biyu.

Da safe suka iso. Muflih ya sha hular Turawa da baƙin tabarau, ya gabatar da ni a matsayin ɗan uwa na nesa. Ya ɗauko mai jagora tun daga Amman, wani saurayi Zuhdi mai laima da kati a wuya, don duk mai jagoran garinmu ya san kalar wandon da Muflih ya yi yarinta da shi, in ma akwai wandon. Na ɗora Goggo a kan jakina Waziri, da wani ƙullin kaya a cinyarta wanda ba wanda ya tambaye ta.

Muna fitowa daga matsatsin dutse zuwa filin Khazna, ƙaton ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, sai ga mutanenmu sun yi sahu biyu kamar za a tarbi gwamna. Suka gaida Abu Basil, suka gaida Rula, suka gaida Lujain, har Waziri suka gaisar. Da aka zo kan Muflih, mutum arba'in suka juya baya gaba ɗaya suna kallon sama. Tsoho Dakhlalla mai raƙumi, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ɗaga murya yadda har tattabarun Khazna suka tashi:

"Maraba da baƙon da ba mu taɓa gani ba! Yaya ƙafar da ka karya?"

Abu Basil ya ce mutanen karkara akwai fara'a. Muflih ya dube ni ta saman tabarau, na dubi Waziri.

Zuhdi ya yi ta zuba. Wannan sarki, wancan ƙarni, kaza kafin haihuwar Annabi Isa. Abu Basil na rubutawa a ɗan littafinsa yana gyaɗa kai, wani lokaci yana gyara masa shekara. Goggo shiru, kamar an ɗinke. Amma rantsuwar baki ta yi, ba ta ce komai a kan diddige ba. Muna wuce filin wasan da aka sassaƙa a dutse ta ɗan taɓa Waziri a haƙarƙari, ya saki hanya ya kama wata siririyar matakala ta hagu.

"Suwailim, riƙe jakinka!" in ji Muflih.

"Ustaz, Waziri ba ya jin maganar dangi na nesa."

Ba a barin tsohuwa ta hau dutse ita kaɗai, dole kowa ya biyo. Muka hau, muka hau, Abu Basil na haki kamar zugazugi, har Waziri ya tsaya a bakin wata ƙofa mai ginshiƙi biyu da iska ta cinye. Goggo ta sauka da kanta ta shige.

Ƙofar nan gajeriya ce, kuma taku biyu daga ciki akwai rami a ƙasa. Abu Basil ya gwara goshi. Zuhdi ya zurma ƙafa har laima ta tashi. Muflih, da baƙin tabarau a cikin duhu, ya sunkuya, ya karkata dama, ya wuce sumul yana duba agogo.

"Baba, ya aka yi ka san akwai rami?" in ji Lujain.

"Ilimi ne, 'yata."

Zuhdi bai taɓa shiga kogon ba, amma katin wuyansa bai yarda ya yi shiru ba. Ya haska rufin da wayarsa, baƙi ƙirin, yana ƙyalli. Ya ce wannan kabarin wani babban wazirin sarki ne, baƙin nan kuma hayaƙin hadaya ne, ya shekara dubu biyu. Ya nuna ɗan gurbin da ke jikin bango ya ce nan ake ajiye gunki. Nan Goggo ke ajiye gishiri da mataji. Ya nuna ƙusar ƙarfen da ke sama ya ce masana sun yi saɓani a kanta. Abu Basil ya cika shafi uku, yana cewa tun a littafi ya ji a jikinsa akwai irin wannan.

"Abin takaici," in ji Zuhdi, "daga baya wasu jahilai suka shigo da awakinsu suka ƙazantar da wurin. Allah ya taimaka aka kwashe su."

Na dubi Muflih. Yana karanta bango kamar an rubuta masa wasiƙa a jiki.

Sai muka ji ƙamshin hayaƙi. A lungun da muka baro, Goggo ta kwance ƙullinta. Duwatsun murhunta uku suna nan inda ta bar su shekara arba'in. Ta jera ƙirare, ta ɗora buta, ta fito da ƙananan kofuna shida da ganyen maramiya na ƙamshin shayi da gurasa a cikin tsumma. A wurinmu baƙo ba ya shiga ƙarƙashin rufinka ya fita da busasshen maƙogwaro, ko da shi ya kashe maka uba. Ga surukin ɗanta tsaye a tsakar ɗakinta, karo na farko. Me ake so ta yi?

"Hajja! Hajja, me kike yi haka?" Zuhdi ya yi kanta. "Wurin tarihi ne nan, ba gidanku ba ne!"

Ya sa takalmi ya turo ƙasa kan wutar. Buta ta karkata, ruwa ya zube.

Goggo ta dubi murhunta. Ta ɗora tafin hannu a bakinta, ta ɗago ido ta dubi ɗanta. Na san Goggo tun ina tsumma, na ga ta kori kura da muciya, ban taɓa ganin an taɓa mata wuta ta ƙyale ba sai ranar.

Muflih ya cire tabarau. Muryar da ta fito daga bakinsa ba ta Amman ba ce, wadda yake kiran awaki da ita ce daga tsallaken kwari, har ƙasa ta zubo daga rufi.

"Janye ƙafarka daga wutar uwata! Gidanta ne!"

Zuhdi ya ja da baya ya sake faɗawa ramin.

"Gidanta ne. Can lungun aka haife ni, kan buhun sha'ir. Ƙusar da masana suka yi saɓani a kanta ubana ne ya buga, shimfiɗar jariri ake ratayawa, ni ne jaririn. Ramin nan da ka faɗa sau biyu na faɗa shi sau ɗari. Baffa Abu Basil, ban taɓa ganin cikin asibitin Ma'an ba. Jaki biyu ne da ubana, ɗayan ma gurgu."

Ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya share ƙasar da hannu, ya kifa kunci ya hura. Sau biyu kawai, wuta ta kama. Inshora ba ta ɓata masa huhu ba.

"Yumma, na sake ki. Yi magana."

Goggo ta sauke hannu. Muka kasa kunne, don mun ɗauka za ta yi jawabin da za a riƙa faɗa wa jikoki.

"Suwailim, miƙo sukari," in ji ta.

Rula ta fashe da dariya har ta dafa bango. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin wane irin asibiti ne ake koya wa mutum kiran akuya cikin barci. Abu Basil kuwa bai yi dariya ba. Ya dubi rufi, ya dubi shafukansa uku, ya sake duban rufi. Muflih na tsugune yana jiran hukunci, wuyansa ya shige kafaɗa.

"Hajja," in ji tsohon a hankali, "duk wannan baƙin naki ne?"

"Nawa da na uwar mijina. Ita ce ta fi yawa, ɗanyen itace take sawa."

"Ba hadaya ko ɗaya?"

"Mun yanka ɗan akuya ranar sunan wannan."

Abu Basil ya yage shafukan, ya miƙa mata ta ƙara a wuta. Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara kamar ana karya ƙirare. Ta zuba kofin farko ta ba shi da hannun dama. Ya sha, ya nemi ƙari, ya sha na uku. Sannan ya nuna Muflih da kofin.

"Kai kuma, shekara goma sha shida ina sayen littattafai, ashe littafin na zaune a falona yana cin mansaf ɗina, shinkafata da namana. Wannan ce ba zan yafe ba."

Har Zuhdi sai da Goggo ta ba shi shayi, don shi ma a ƙarƙashin rufinta yake. Lujain ta zaga kogon sau goma, ta sa kakarta ta nuna mata inda kowa ke kwana, har wurin awaki. Da na gaya mata sunan ubanta na gaskiya ta ce sai ya hau dutse ta gani. Ya hau. Ya kai tsayin mutum biyu tumbin ya tuna masa da kansa, wando ya yage daga nan har Aƙaba. Da igiyar Waziri muka sauko da Ƙadangare.

Yanzu duk hutu suna nan. Lujain ta iya hura wuta, Abu Basil na bin Goggo da ɗan littafinsa tana ba shi labarai, rabi gaskiya, rabi don ta ga ko zai rubuta. Shi kuwa Muflih, cutar ba ta warke ba, juyawa ta yi. Watan jiya wani direba ya ce mini ya ji shi a ofis yana faɗa wa mutane a cikin Khazna kanta aka haife shi, awakin ubansa ɗari uku, kuma kura ce ta shayar da shi wata biyu. Na garzaya na kai wa Goggo, da ƙarin gishirina.

Ta ce, "Ka bar mini yarona. Waccan ƙaryar fitar da ni ta yi daga gidana. Wannan kuwa, ɗaki ta ƙara mini."