Tukunyar da Na Cire wa Motar Alhaji

Maƙwabcina a kasuwar Mont-Bouët da ke Libreville mutumin Garwa ne, mai sayar da shadda da atamfa. Ni takalma nake sayarwa, bango ɗaya ne tsakanin shagona da nasa. Ya girme ni da kusan shekara goma, Alhaji nake kiransa. Shekara tara muka yi muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Yana yi mini tsiya wai Bakano ko a sahun salla sauri yake yi, ni kuma in ce masa da ana raba lambar yabo ta sanyin jiki, da bangon shagonsa ya cika.

Alhaji yana da wata mota 'yar Japan, tsohuwa ce, amma ba ya barin ƙura ta kwana a jikinta. In ya tayar da ita, sai ka ɗora hannu a kan bonet kafin ka yarda injin yana aiki. Saboda wannan shirun nata, duk wanda ya kwanta rashin lafiya a layinmu na unguwar Nkembo, ko matar da naƙuda ta kama, motar Alhaji ake nema. Ni kuwa tuƙinsa haushi yake ba ni. Mutum ya hau titi fetal, babu kowa a gabansa, amma yana lallaɓa totur kamar mai tsoron taka ƙwai.

Wata shekara, ana tsakiyar ruwan sama, aka bugo masa waya cewa jikin mahaifiyarsa ya tsananta. Ya bar shago a hannun ɗan'uwansa ya nufi Garwa, iyalinsa suka bi shi. A nan Libreville, in wani cikinmu baƙi zai tafi gida, yakan raba kayansa ga mutane su riƙe masa, kuma kowa yana lura da wanda aka ba wa me. Ni aka miƙa wa mukullin mota, a gaban jama'a.

"Ka riƙa tayar da ita kada batir ya mutu," in ji shi. "In buƙata ta taso a layi, ka kai mutane. Shi ke nan."

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina yin abin da aka sa ni. A na uku na ɗauko kaya daga Akanda, na zo wani hawa, na taka totur har ƙasa, motar ta hau a hankali yadda ta saba. Wani ɗan tasi ya wuce ni yana ɗaga mini hannu, wai in kauce da akwalata. Abin ya tsaya mini a rai har na isa gida.

Washegari na kai ta wani gareji da ke bayan kasuwa. Makaniken ya shiga ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa wani abu mai kama da tukunya a jikin salansa.

"Ga matsalarka," ya ce. "Katalizo. Shi ke tace hayaƙi, shi kuma ke shaƙe injin. Na Turawa ne, mu nan ba ma buƙatarsa. In na cire na sa maka miƙaƙƙen bututu, sai ka riƙe sitiyari da kyau."

Na tambaye shi ladan aiki. Ya ce haba, tsakaninmu? In bar masa tukunyar kawai, tunda shara ce. Na ji daɗi har ina yaba wa kaina iya ciniki. Waya tana aljihuna, lambar Alhaji tana ciki. Na ce a raina mutumin da ke jinyar uwa ba a damunsa da zancen salansa. Gaskiyar ita ce na san abin da zai ce, shi ya sa ban kira ba.

Da na tayar da ita bayan walda, sai ta yi wani gurnani da ban taɓa jin ta yi ba. Na hau titin bakin teku na ba ta wuta. Na rantse a ranar ji na yi tana tashi sama. Yanzu da nake tunawa, ban tabbata ta ƙara gudu ba. Ƙara ce ta cika mini kunne, na ɗauka ƙarfi ne. Da na koma wancan hawan, kusan yadda take hawa da, haka ta hau, sai dai yanzu duk unguwa sun san tana hawa.

Matata ce ta fara magana. Ta shiga motar, ta toshe hanci da mayafi.

"Maigida, me ka yi wa motar mutane?"

"Gyara na yi mata."

"An ce ka gyara?"

Na ce mata ba ta san kan mota ba. Bayan kwana biyu wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa. Mai ya fara ƙarewa da wuri. In muka tsaya a cunkoson Nkembo, wani wari mai yaji yakan shigo ta taga har ido ya yi ruwa. Ranar da na ɗauki wani dattijo mai ciwon ƙirji zuwa asibiti, tari ya sarƙe shi a hanya, ɗansa ya ce in tsaya, suka sauka suka tari tasi. Daga ranar ba wanda ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa don neman mota.

Wata uku Alhaji ya yi. Mahaifiyarsa ta rasu, aka yi sadakar arba'in, sannan ya dawo. Na wanke motar fes na je tarbarsa a filin jirgi da hantsi. Ya rame. Muka rungume juna, na yi masa gaisuwa, ya zauna a gaba. Ina murza mukulli na ga ya ɗan karkata kai. Ya dubi fitilar nan, ya dubi titi. Sannan ya ce:

"Muryarta ta canja."

"Ai ƙarfi na ƙara mata, Alhaji. Na cire mata katalizo."

"To," ya ce. Ya ɗaga gilashin gefensa.

A wurin mai shayi na ji sauran labarin. Wani ɗan Nijar mai sayar da wayoyi ya tambaye ni, yana dariya, ko tukunyar ta yi albarka. Ban gane ba. Ya ce kada in raina masa hankali, kowa ya san akwai wani ƙarfe mai daraja a cikinta, ana saye ana fitarwa waje, har sata ake yi saboda ita. Ashe tun tuni zancen ya zaga layin shadda: an ba ni amanar mota, mai ita yana can yana binne uwa, ni kuma na yanke mata kaya na sayar. Shayin ma ban iya ƙarasawa ba.

Na ruga gareji. Makaniken ya buɗe hannuwa ya ce ai ta daɗe da tafiya. Na yi masifa har mutane suka taru, amma me zan ce? Da bakina na ba shi. Na shiga neman wata a wajen masu kayan gwanjo, na samo, na kai wani garejin daban a ɗaura. Mai garejin ya ɗaga ta ya leƙa, ya ce in zo in gani. Ina hango hasken rana ta ɗaya bakin. An riga an kwashe cikinta, gwangwani kawai aka sayar mini.

Ranar na shiga shagon Alhaji, na same shi yana ninke shadda.

"Alhaji, wallahi ban sayar ba."

"Ban tambaye ka ba."

"Mutane suna cewa..."

"Na san ba ka sayar ba." Ya ajiye yadin ya dube ni. "Da wata buƙata ce ta matsa ka ka sayar, da ban ji komai ba, ai ni da kai ɗaya ne. Amma ba ka cikin matsi. Ka dai duba ne ka ga shekara da shekaru ina tuƙa abin da ban san kansa ba, kana jira in juya baya ka gyara mini."

Abin da ya faɗa haka yake. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Da kansa ya kashe zancen a kasuwa, ya ce wa mutane shi ya sa ni in cire tukunyar. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Daga baya ya sa aka kawo masa sabuwar tukunya daga waje, ya hana ni sa hannu a ciki. Motar ta koma shirunta, masu jinya suka koma ƙofarsa.

Har yau muna cin abinci a kwano ɗaya. Yana amsa mini gaisuwa da fara'a, ya zo sunan 'yata. Tsiyar nan ce kawai ta ƙare; bai sake ce mini Bakano mai sauri ba, ni ma ban da bakin tsokanarsa.

Bara ya sake tafiya Garwa rabon gado. Ya raba kayansa kamar yadda aka saba, ina tsaye a wurin. Da aka zo kan mota, sai ya cire batir ya shigar ɗaki, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ɗora duwatsu a gefe, ya jefa mukullin a aljihunsa. Wata biyu tana nan a ƙofar gidansa ruwa yana dukanta. A cikin watannin naƙuda ta kama matar wani maƙwabcinmu, muka tsaya a bakin titi cikin ruwa muna tsayar da tasi, motar tana bayanmu a lulluɓe. Har ya dawo, kullum da safe ta gabanta nake wucewa in tafi kasuwa.