Shingad ɗin Bulus a ƙafar ɗan acaba

Jama'a, yau na ga abin da ya tsayar min da numfashi a Kakuri!

Na hau acaba daga kasuwa. Ina duba ƙasa sai na ga mai mashin ya ɗaura tsohon shingad, abin kare ƙwauri na 'yan ƙwallo, a ƙafar dama, wai kar salansa ta ƙona shi. Shuɗi ne, gefensa ya tsage, an ɗinke da zaren masaƙa. Wallahi ni na yi ɗinkin nan da hannuna!

Na ce, “Malam, tsaya! Ina ka samo wannan?”

Ya ce, “Na yayana ne, Bulus.”

Bulus fa! Abokina lokacin muna aiki a masaƙa, tare muke buga ƙwallo a wani fili. Shingad ƙafa biyu kacal muke da shi, sai muka raba. Shi ya ɗauki na dama, ni na hagu, kowa ya kare ƙafar da yake shiga da ita. Da aka rufe masaƙa ya koma Jos, shi ke nan muka ɓace wa juna.

Nan take ƙanin ya kira shi, ya miƙo min waya.

Ko gaisuwa babu, Bulus ya ce, “Sani! Na hagun na nan?”

Na ce, “Yana cikin akwatina.”

Sai ya ce, “Filinmu fa? In na samu sauƙin ƙafata zan zo mu buga.”

Filin da shaguna suka cinye tuni!

Na ce, “Yana nan, Bulus. Kai dai ka zo.”