Asabar Ɗin da Gulbi Ya Iske Mu a Jiratawa

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini sunaye da fuskoki, ba na jin zai iya raba ni da Asabar ɗin da na kai ɗalibaina Jiratawa. Shekaru sun ja, amma har yau in na rufe ido sai in ga farin yashin nan, in ji ƙamshin da iska ta kawo mana daga kudu.

A lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Tarihi da labarin ƙasa nake koyarwa a wata kwaleji a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, ina kwana gidanmu a Tsibiri, kullum da sassafe in biyo mota in shigo gari. Aka ba ni aji na huɗu, masu shirin jarrabawar burebe, wadda sai an ci ta ake shiga lise, wato babbar sakandare. Ni kuwa yadda aka koya mini haka nake koyarwa. In cika allo da Faransanci, su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, su haddace, in tambaya su maido mini kalma da kalma. In aji ya ɗauki amo kamar ana tilawa, sai in ji daɗi, in ce aiki na tafiya.

Jarrabawar gwaji ce ta tona mini asiri. An tambaye su yadda ake noman rani a ƙasarmu da amfaninsa, amma an juya tambayar ba yadda take a kaye ba. Na zauna duba takardu. Wasu sun zubo haddar da ba ta da alaƙa da tambayar, wasu sun yi layi biyu sun tsaya. Wadda ta fi tsaya mini a rai takardar wata yarinya ce mai shiru-shiru da ke zama kusa da taga. Sunanta kawai ta rubuta.

Da aka tashi na tsayar da ita. Na ce, "Ke ba daga Jiratawa kike zuwa ba?"

Ta ce, "Daga can nike, Madam."

"Mi mahaifinki ke yi?"

"Garka garai. Zogale da albasa. Mu muke taya shi ban ruwa."

Na nuna mata kalmar Faransancin da ke cikin tambayar, na ce to ai wannan shi ne ban ruwa. Ta daɗe tana kallon kalmar. Can ta ce, a hankali, ita ta zaci wani abu ne da ake yi a ƙasashen Turawa. Sannan ta ƙara da cewa ta riga ta gaya wa mahaifiyarta ba za ta zauna jarrabawar ba, kanta ba ya riƙe labarin ƙasa, gara ta bar wa masu kai.

Duk hanyar Tsibiri ran nan maganar tana yi mini yawo. Yarinyar da ta tashi ƙafarta cikin ruwan lambu, ni na sa ta ɗauka ba ta san ban ruwa ba. Laifin ba nata ba ne.

Washegari na iske dirakta na roƙe shi ya bar ni in kai ajin kwarin gulbi ranar Asabar. Dattijo ne mai tsoron abin da zai je ya komo. Ya ce saura mako uku jarrabawa, wasu malamai na ƙara darasi, ni kuma yawo zan kai yara? Na yi ta lallashi. Daga ƙarshe ya ce, "Ki tafi. Amma in wani abu ya sami ɗan mutane, ko sakamako ya lalace, ke za ki tsaya gaban iyaye." Na ce na yarda.

Muka tashi da hantsi cikin wata tsohuwar mota da wani uban ɗalibi ya ba mu aro. Ƙarshen bazara ne, sama ta yi fari fat, ko ɗigon ruwa bai sauka a Maraɗi ba tukuna. Da muka gangara kwari sai duniya ta canja launi. Bayan watanni ido na ganin ja da toka, ga kore shimfiɗe har iyakar gani, zogale layi-layi, ruwa na tafiya cikin ƙananan magudanai yana ƙyalli. Yaran da ke ta surutu a mota suka zuba ido. Da yawansu an haife su a Maraɗi, amma ba su taɓa taka wurin ba.

Yarinyar nan ce ta shige gaba. Ban taɓa jin muryarta ta ɗaga ba sai ran nan. Ta nuna musu inda injin ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake toshe wannan fangali a buɗe wancan, da dalilin da ya sa ba a ban ruwa da tsakar rana. Ni dai ina biye, in ta faɗi abu da Hausa in ba su sunansa da Faransanci, su rubuta. Sai ka ga yaro ya ɗago kai yana murmushi, kamar wanda ya gamu da ɗan unguwarsu a baƙon gari.

Daga nan ta kai mu wurin kakanta, a bakin gulbi. Tsoho ne siriri, yana zaune ƙarƙashin wani babban gawo yana gyaran ƙotar hauya. Yana cikin mutanen da suka riƙe al'adar kakanni ba su sake ta ba, kuma an ce duk yankin ba wanda ya kai shi sanin halin kwarin. Gulbin kuwa a bushe yake ƙaƙas, yashi ne fari shimfiɗe kamar an share, da sawun shanu da na amalanke.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, yara na kawo su ga gulbi."

Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, kin kawo su gidan gulbi dai. Mai gidan ya yi tahiya, amma yana bisa hanya."

Ya ɗauki kara ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane. Ya ja layi daga kudu, ya ce nan ƙasar Katsina ce, nan ruwan ke tasowa. Ya biyo da shi ta Madarunfa, ya ɗiga Jiratawa, ya ɗiga Maraɗi, ya ɗiga Tsibiri, sannan ya lanƙwasa layin ya mai da shi yamma da kudu, ya ce daga nan sai ya koma inda dangi suke, ya nufi ƙasar Sakkwato. "Baƙo ne," in ji shi. "Wata uku zuwa huɗu yake yi muna, ya bar muna abin da za mu ci shekara a ƙarƙashin yashi, ya wuce."

Na tsaya ina kallon zanen. Taswirar da na yi shekaru ina haddacewa ce, ba abin da ya ɓace, sai dai tasa tana da rai. A Tsibiri aka haife ni, a bakin wannan gulbin na yi wasa, amma ban taɓa haɗa shi da shuɗin layin da ke cikin littafi ba. Ashe ciwon da ke damun ɗalibata ni ma ina da shi.

Na ce wa yaran su sauka cikin yashin su auna faɗin gulbin da taki. Suka bazu suna ƙirga, wasu na tona rami da hannu don su ga inda damshi ya fara. Rana ta ɗan karkata. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga kudu, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko gajimare babu a kanmu. Shamuwa biyu suka wuce ƙasa-ƙasa. Tsohon ya ajiye ƙotar, ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa.

Ya ce, "Ɗiyata, kira su su hito. An yi ruwa can sama jiya. Ga shi nan tahe."

Ban ji komai ba, amma na kira su. Suka hauro gaɓa ɗaya bayan ɗaya ina ƙirga su. Sannan na fara jin wani sauti siriri, kamar ana sheƙar gero a nesa. Can daga lanƙwasar gulbin sai ga shi ya ɓullo. Na zaci in ruwa zai zo da ruri zai zo. Ba haka ya zo ba. A hankali ya taho, kamar mai neman hanya, da kumfa a bakinsa, yana ture da karare da busassun ganye. In ya iske sawun saniya sai ya tsaya ya cika shi, sannan ya wuce. Yashin na shan sa yana huci. A bayansa kuwa sama ce ke biyowa kwance, da haskenta duka.

Ƙirgata ta nuna saura ɗaya. Wata ƴar cikin gari ta tsaya tsakiyar yashi, kaye a hannu, ido a kan ruwan, ko motsi ba ta yi. Na kira ta, ba ta ji ba. Maganar dirakta ta faɗo mini. Kafin in yunƙura, yarinyar Jiratawa ta riga ta sauka. Ba ta yi gudu ba. Ta je ta kama hannunta, ta biyo da ita ta inda yashi ya fi tudu, ruwan na lasar dugadugansu, har suka hau. Da suka iso ta ce mini, "Na farkon ba ya da ƙarfi, Madam. Na bayansa ake tsoro."

Haka kuwa aka yi. Kafin a kira la'asar gulbi ya cika gaɓa da gaɓa, jawur, yana tafe da rassan itace. Muka zauna ƙarƙashin gawon nan. Na san akwai abubuwa da yawa da ya kamata in bayyana musu, amma na bar su su kalla. Wani ɗalibi ne ya ce, kamar mai magana cikin barci, "Ke nan wannan ruwan gobe yana ƙofar gidanku, Madam." Na ce ƙwarai. Washegari kuwa na fita bakin gulbi a Tsibiri, na iske shi ya iso.

Makonni ukun da suka rage ban ƙara cika allo ba. Kowane darasi sai mu fara daga abin da ido ya gani, sannan mu nemo shi cikin littafi. In za mu yi darasin ƙaura zuwa birane, in tambaye su wa ke da ɗan'uwa da ya tafi ci-rani. In za mu yi na kwararar hamada, in ce su tambayo tsofaffin gidansu itatuwan da suka sani da yanzu babu.

Jarrabawa ta zo, ko tambaya ɗaya ba a yi a kan gulbi ko noman rani ba. A kan girman birane aka tambaya. Na tsaya bakin ƙofa raina a jagule, har yarinyar Jiratawa ta fito. Ta ce ta rubuta yadda unguwar Zariya ke cin gonaki, don kullum ta nan take wucewa, tana ganin inda aka yi gero bara an kafa tubali bana. Ta ci jarrabawar, ta shiga lise. Ba duka ajin suka ci ba, kuma waɗanda suka faɗi har yau ina jin su a raina, don na san da na farka da wuri da wataƙila sun tsallake. Dirakta bai yaba mini ba, bai kuma zarge ni ba. Sai dai da shekara ta zagayo, shi ya fara tambayata yaushe za mu koma kwari.

Abin da na koya a ran nan shi ne, ba yaron da ke shigowa aji hannu wofi. Kowa na tafe da gonarsu, da kasuwarsu, da hanyar da yake bi kullum. In malami ya sa yaro ya ajiye wannan a bakin ƙofa, to ya raba shi da rabin iliminsa tun kafin a fara darasi. Tun daga lokacin, kafin in gaya wa ɗalibi abin da bai sani ba, sai na tambaye shi abin da ya sani.