Jarkokin da Na Ƙi Arowa

A wancan lokacin ni ɗan bumburutu ne a Jibiya, ina sayar da fetur a bakin hanyar Magama, kuma ina da girman kai fiye da ƙarfina. Kawuna mai gyaran keke, dattijon da ya haura sittin, shi ya sa ni a ƙungiyar masu keke ta garinmu. Da aka shirya babbar tafiyar zumunci daga Katsina har Maraɗi a tsakiyar bazara, aka ɗora wa mutanen Jibiya kawo ruwan sha. Kawu ya miƙe a gaban jama'a ya ce a ba ɗan ƙanwarsa aikin, shi ya tsaya masa.

Jarkoki kam ina da su, amma duk fetur suka saba ɗauka. Kawu ya gargaɗe ni in aro na 'yan ga-ruwa. Na ga kamar ƙasƙanci ne in je aro, sai na ɗauraye nawa da omo sau ɗaya, na cika su, na loda a motar a-kori-kura da za ta bi mu a baya.

Ayarin ya iso Jibiya da hantsi, gorunansu duk sun ƙare. Muka gama da jami'an iyaka muka tsallaka. A zangon farko, kusa da wani ƙauye mai rijiya, aka sauke jarkokin da rana ta riga ta gasa. Ni na fara kurɓa, na ji fetur har cikin hanci. Wani Bakatsine ya tofar, ya tambaye ni ko na ɗauka su babura ne. Aka yi dariya. Maimakon in faɗi gaskiya mu nufi rijiyar nan, sai na ce warin roba ne kawai. Kawu ya dube ni, ya karɓi kofi, ya cika, ya shanye a gaban kowa don kada in ji kunya. Sauran suka jiƙa maƙoshi, aka ci gaba.

Kafin mu kai garin Ɗan Issa, Kawu ya fara amai. Ya ƙi shiga mota, ya ce shi bai taɓa sauka a keke rabin hanya ba. Can sai na ga kekensa ya karkace, ya zube a gefen kwalta, jikinsa zafi rau, babu ko ɗigon gumi. A nan na gaya wa jagoran tafiya abin da na yi. Bai zage ni ba, ya ce motar za ta wuce da Kawu asibiti, sauran jama'a kuma ba wanda zai motsa sai da ruwa mai kyau.

Na juya keke na koma ƙauyen nan, iska mai zafi na dukan fuskata. Ni da na ƙi aro, na durƙusa ina roƙon matan da ke bakin rijiya jarkokinsu. Sawu huɗu na yi da jarka biyu a bayan keke, na ƙudurta ba zan sha ba sai kowa ya sha.

Allah ya tashi kafaɗun Kawu, amma tun daga ranar bai sake doguwar tafiya a keke ba. Da na nemi gafararsa, ya ce tun a shan farko ya gane, jira yake in yi magana.

Na roƙa aka bar mini aikin ruwa, kuma har yau ni ke yi, da jarkokin da ba su taɓa ganin fetur ba. Jama'a, wanda duk aka ba amanar ruwan mutane ya tsare ta. In kuwa ka yi kuskure, ka faɗa tun rijiya na kusa, kafin mai ƙaunarka ya shanye shi dominka.